Ƙwayoyin da Safa Ta Sha

Ranar Laraba da hantsi, Insfekta Hamdiyya Sulaiman tana ofishinta a Talata Mafara, Sajan Jatau ya shigo mata da wani mutum cikin farar shadda. Sunansa Rilwanu, shi ne shugaban ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke bayan Dakko, a ƙasar Bakura.

Aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. An fasa ɗakin ajiyar magani, an kwashe na tallafi wanda ake bai wa jama'a kyauta.

"Kuma na san ɓarauniyar, ranki ya daɗe. Wata yarinya ce, Safa. Tana nan kwance a babban asibiti, abin da ta sata ne ta ɗirka wa cikinta."

"Shekarunta nawa?"

"Ba za ta wuce goma sha biyu ba."

"Ita kaɗai ta kwashe ɗaki guda?"

"Ba ki san yaran ƙauyen nan ba ne."

Hamdiyya ta rufe littafinta, ta ce a fito da mota.

Asibitin ƙauyen ɗaki huɗu ne da baranda. Rilwanu ya kai su tagar da aka fasa. Hamdiyya ta leƙa cikin ɗakin, daɓen fes. Ta zagaya baya, sai ga fasassun gilasai warwatse cikin ciyawa. Ta ɗaga kai ta dubi ƙarafan tagar, ko tafin hannunta ba zai shiga tsakaninsu ba.

"Daga ciki aka doki gilashin nan," ta ce wa Jatau a hankali. "Makulli a hannun wa yake?"

Jatau ya je ya tambayo. A hannun Rilwanu yake, shi kaɗai.

Da azahar suka koma Talata Mafara. Likita ya ce yarinyar mai sikila ce, ta sha ƙwayar kashe zafin ciwo fiye da ƙima har ƙodarta ta taɓu, amma za ta tashi da yardar Allah.

Safa tana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Kakarta, Gwaggo Nagode, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta, tana zaune a tabarma kusa da gado. Da ta ga kaki sai ta miƙe.

"Ranki shi daɗe, ɗiyag ga ba ta taɓa ɗaukar ko allura ta wani ba."

"Zauna, Gwaggo. Gaisuwa na zo yi."

Hamdiyya ta cire hula ta zauna a bakin gado. Ta tambayi Safa jiki, ta tambaye ta inda take a karatun allo. Sai da ta ga yarinyar ta saki jiki sannan ta ce, "In ciwon ya tashi, me ya hana ki zuwa asibitin garinku?"

Safa ta dubi kakarta, ta sunkuyar da kai.

"Na daina zuwa."

"Don me?"

"In mun tafi, sai ya bar mu waje har a sallami masu takalma masu kyau. In an kai gare mu, sai ya toshe hanci ya ce magani ya ƙare. Rannan ya ce, gaban mutane, irina ɓarnar magani ce, ba mu daɗewa duniya."

Gwaggo Nagode ta dafe ƙirji. "Ba ki taɓa gaya mini wanga zance ba!"

"Kin je ɗebo ruwan sha, Gwaggo. Ban so ki ji."

Tun daga ranar Safa ta koyi ɓoye ciwo. In ya taso sai ta kifa ciki ta ciji zane. In ta fita tallar awara sai ta biya wajen mai teburin magani a kasuwa. Wannan karon ta sha biyu bai lafa ba, ta ƙara biyu, ta sake ƙarawa.

Safa ta kwance bakin zanenta ta miƙo ledar ƙwayar, wadda ta riga ta nuna wa likita. A bayanta akwai hatimin shirin tallafi, da rubutun cewa ba na sayarwa ba ne.

"Wa ya sayar miki?"

"Ɗanlami mai tebur."

Ba su sami Ɗanlami a Bakura ba. Maƙwabcinsa ya ce tun jiya ya koma cin kasuwannin ƙasar Maradun. Washegari suka iske shi a Faru, ya baza tebur ƙarƙashin dalbejiya.

"Ina kake saro kaya?" in ji Hamdiyya.

"Gusau, ranki shi daɗe. Komi nawa da takarda."

"Kawo takardar."

Ya shiga laluben aljihu. Jatau kuwa ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburin. An shafe sunan da ke jikinsa da baƙin fenti, amma da aka juya shi ga rana, sunan asibitin ƙauyen ya bayyana.

Hamdiyya ta gaya masa halin da Safa take ciki. Ɗanlami ya zauna a ƙasa.

"Tun bara Malam Rilwanu ka kawo mini, duk Asabar bisa mashin. Shekaranjiya ya ce in bar Bakura sai ya neme ni. Wallahi ban san ɗiyar ta kwanta ba."

"Da ta zo saye, ka gaya mata guda nawa za ta sha?"

Jatau ya ɗauki kwalin, ya tisa Ɗanlami gaba zuwa mota.

Ranar Juma'a da safe, bayan an kai Ɗanlami caji ofis, suka koma ƙauyen. Rilwanu yana kan kujerarsa. Hamdiyya ta ajiye kwalin a kan teburinsa, ta ɗora ledar Safa a kai.

"Gilashinka waje ya zube. Makulli yana aljihunka. Ɗanlami yana hannunmu. Abu ɗaya ya rage ban gane ba. Me ya sa ka kawo ƙara da kanka?"

Rilwanu ya dubi kwalin.

"Na ji likita ya ga hatimin. Na san za a biyo sawu. Na ɗauka in na riga kowa magana, ba wanda zai tsaya jin ta bakin marainiya."

"To, wulaƙancin fa? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba." Ya share gumi. "Mai hali ko ɗan wani, dole in ba shi, don zai iya kai ƙarata. Talaka kuwa in ka ce masa babu, gobe zai dawo. In ka kunyata shi gaban jama'a, ya tafi ke nan. Nasu kason nake fitarwa."

Hamdiyya ta rubuta maganar yadda ya faɗe ta, ta karanta masa, ya sa hannu. Jatau ya sa masa ankwa ya fito da shi.

A bakin ƙofa wata mata ta tare Hamdiyya, da jariri goye a bayanta. Tun asuba ta taso a ƙafa daga wata ruga.

"Ranki shi daɗe, kun tafi da shi, to yanzu wa za ya duba muna ɗiya?"

Hamdiyya ta taɓa goshin jaririn, zafi rau. Ta waiga ta dubi asibitin. Babu wani ma'aikaci a ciki, kuma ba ta san ranar da za a turo wani ba.

Ta buɗe ƙofar gaba ta motar ta ce wa matar ta shiga, ita kuma ta koma baya kusa da Rilwanu.

"Jatau, babban asibiti za mu fara zuwa. Shi ya jira."

Motar ta hau hanyar Talata Mafara. Har suka isa ana jin numfashin jaririn yana fita da ƙyar.