Lefen Ladidi Mai Zakaru

"Jiya ma ban gan ka a coci ba, Filibus."

Ladidi ce ta tare saurayinta a ƙofar masaƙarsu ta Bompai, riƙe da kwanon tuwonsa. Idanunsa sun yi jajir, auduga har a gashin gira.

"Obataya na yi, aikin ƙarin lokaci, ƙanwata... Lefenki fa nake haɗawa."

"Baba ya ce in Kirsimeti ta zo ba ka dawo sujada ba, ka manta da ni. Wai ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya riga ya auri inji ba."

Ya yi dariyar yaƙe. Maraya ne, ba mai tallafa masa, kuma yana son yarinyar nan kamar ransa.

"To in na bar aikin Lahadi, wa zai cika akwatin?"

"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ka zo ka huta gaban Yesu, masoyina. Kai nake so, ba akwati ba."

Ya bi maganarta, ya bar aikin Lahadi. Lahadin farko ana tsakiyar wa'azi gogan naka ya ɓingire da barci, har da minshari. Baba ya waiwaya ya harare shi, ya kuma ɓoye murmushi. Sannu a hankali zuciyar Filibus ta kwanta, akwati kuwa na nan fayau.

A shekarar Babbar Sallah ta riga Kirsimeti zuwa, masaƙar ta raba wa kowane ma'aikaci turmin atamfa kamar yadda ta saba. Da yamma sai ga Malam Ɗahiru, shugaban sashensu, da ƙunshi niƙi-niƙi a bayan keke.

"Malam, wannan fa?"

"Turamenmu ne muka haɗa maka. Duk Juma'a kai kake tsare mana injuna mu je masallaci. Karɓi, kar ka ja ni da surutu."

Filibus ya karɓi ƙunshin, sai hawaye.

Abin da mazan ba su lura da shi ba, duk turamen bugu ɗaya ne. Ranar kai lefe Goggon Ladidi ta ɗaga turmin farko, kore mai zakaru. Ta ɗaga na biyu, zakaru. Har ƙasan akwati zakaru ne. Ta dubi Baba.

"Yaya, wannan lefe ne ko akurki?"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Ladidi na bayan labule, tana jiran bakin Baba.

Baba ya sa aka ba shi labarin turamen, sannan ya ce, "Mutumin da abokan aikinsa suka haƙura da kayan Sallarsu saboda shi, ba sai na tambayi halinsa ba. Allah ne ya yi masa lefe. Na ba shi Ladidi."

Ta durƙushe a bayan labulen tana kuka, tana dariya, tana cewa, "Na gode, Yesu... na gode."