Layin Ɗinyar Ilu

Bayan sallar isha'i, Yaya Tabawa, 'yar baffanmu, ta rage hasken fitila.

"Kun san Barmo mai tulu?"

Duk mun san shi. Kullum yana hanyar fadama.

"To, ku matso."

Ta ce shekarar da ciyawar kacala ta toshe fadamarmu, samarin gari suka yi gayya. Suka sare ciyawar, ruwa ya samu hanya. Suka dasa ɗinya da kanya a gaɓa, kowa da layinsa, kowa ya ɗaura ƙyallensa a turke. Aka ce wanda dashensa ya fi kamawa shi zai shugabanci gayya.

Na Ilu, abokin Barmo, duk suka kama. Na Barmo uku suka rayu.

"Hannun Ilu akwai albarka," in ji mutane. Barmo ya daina cin tuwo.

Ana gobe dattawa za su duba, ya tafi shi kaɗai da rana tsaka. Ya kwance ƙyallen Ilu, ya ɗaura nasa.

Kwaɗi suka yi tsit.

Sai ga wata tsohuwa tsaye cikin taɓo. Zanenta fari fat, ko ɗigon laka babu.

"Sannu, ɗan nan."

Tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito.

"Yauwa, Iya."

"Shekara ashirin kacala ta hana ni inuwa. Wa ya dasa waɗannan?"

Barmo ya dubi ganyen, kore shar.

"Ni ne."

"Kai ne?"

"Ni ne, Iya."

"Madalla. Wanda ya dasa shi ke shayarwa." Ta miƙa masa tulu mai sanyi kamar ƙanƙara. "Ranar da ɗaya ta bushe, zan zo gida in tambaye ka."

Ya ɗago kai. Babu kowa. Babu sawu a taɓon.

Ƙanwata Lantana ta riƙe hannuna. "Yaya, ya samu shugabancin?"

"Ina! Dattawa sun san layin kowa, dariya suka yi. Ilu aka ba."

"Tulun fa?"

"Sau biyu yana jefa shi rijiya. Da asuba ya tarar da shi a bakin ƙofa, cike. Shekara tara ke nan yana ban-ruwa, kuma duk wanda ya zauna a inuwar nan, Ilu yake sa wa albarka. A gaban Barmo."

Yaya Tabawa ta hure fitilar.

"Kada wadda ta bi gaɓar nan ita kaɗai. In kuwa aka tambaye ku wa ya dasa, ku faɗi sunan mai shi."