Katin da Ba Ya Cin Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce lafiya.

To, ku matso kusa, a rage fitilar nan.

A wata kasuwa ta ƙasar Katsina akwai layin masu aikin kwamfuta, can ƙarshe, inda kasuwar ta jingina da jujin 'yan jari-bola. A layin nan aka yi wasu mutum biyu, Haladu da Nafi'u. Ɗan wa da ɗan ƙane ne, Haladu ne babba. Hannu ɗaya ya koya musu aiki, wani dattijo Malam Tukur, Allah ya jiƙansa. Shagunansu suna kallon juna. A kawo musu bidiyon biki ko na suna, su tace, su gyara launi, su haɗa. Kowannensu da tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, irin mai akwatin ƙarfe.

Ku san cewa a cikin akwatin nan akwai abin da ake kira katin hoto. Shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Idan ya tsufa, sai bidiyo ya riƙa cijewa, bakin amarya ya motsa, maganarta ta biyo baya. Dole a sake shi. Amma Malam Tukur ya sha gaya musu cewa sabon kati baƙo ne, kuma ba a kawo baƙo gida sai an yi tambaya biyu. Maigida ya san shi? Tukunya za ta ishe shi? Maigida shi ne bayos, ɗan tsohon hankalin da ke kwance a jikin bod, faifan da ake haɗa komai a kansa, wanda ke gaisawa da kowane ƙarfe idan an kunna. Tukunya kuwa ita ce fawa, akwatin da ke raba wa kowa wuta.

Nafi'u mutum ne mai sanyin hannu. Da ya tashi sake katinsa, sai da ya fara sake fawa da babba. Ya ɗauki kwamfutarsa ya kai inda ake da wutar sola, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta bayos, bod ya mutu. Sannan ya sa katinsa, na hannu ma, ba sabo ba. Hoto ya fito sumul. Kafin wata ya zagayo, bencin ƙofar shagonsa ya cika da ƙawayen amare.

Haladu yana zaune yana kallo. Idan suka yi dariya a can, sai ya ji kamar da shi ake. Nafi'u ya tsallako har sau biyu ya ce Yaya ya kawo tasa a yi mata yadda aka yi wa waccan. Haladu ya ce tasa lafiyarta lau. A zuciyarsa kuwa cewa yake, yaron da na koya wa riƙon sukundireba, yau shi zai buɗe mini akwati?

A ɓoye ya sayo kati wanda ya fi na Nafi'u girma. Bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya cusa, ya kunna. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Akwati ya yi ƙara, sannan ƙauri ya tashi. Da sauri ya zare, ya mayar da tsohon, ya kunna turaren wuta don kada warin ya tsallaka hanya.

A layin nan akwai al'ada. Ranar Juma'a, da an yi kiran farko, kowa zai ja ƙofarsa, a tafi masallaci a jere. Ba a barin kowa. Tsofaffi sun ce kasuwa tana da masu ita, kuma idan mutane suka watse da tsakar rana, lokacinsu ne.

Wannan Juma'ar Haladu ya ce su yi gaba, yana tafe. So yake ya sake buɗe akwatinsa ba idon Nafi'u.

Layi ya yi tsit. Ko akuya babu. Rana ta tsaya cak a tsakiyar ka.

Sai ya ga mutum a bakin ƙofa, da baron jari-bola cike da matattun kwamfutoci. Bai ji tahowarsa ba, alhali baron ƙarfe ne. Mutumin bai yi sallama ba. Dogo ne, idanunsa biyu sun yi fari-fari kamar an zuba koko. Bakinsa ya motsa. Shiru. Sai da leɓɓansa suka rufe, sannan muryar ta iso.

"Sannu da aiki, mai shago. Na ƙanenka ya fi naka."

Haladu ya ja da baya. Amma maganar ta sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, sai ya tsaya.

Mutumin ya sa hannu a baro ya zaro kati. Baƙi ne, ba rubutu a jikinsa, ba fanka, ba ramin da ake sa masa waya. Haladu ya karɓa. Sanyi ƙalau, kamar an tsamo shi daga gindin randa, a cikin wannan rana. A nan ne tambayoyin Malam Tukur suka zo masa baki. Ya ce bod ɗinsa tsoho ne, anya bayos zai san wannan?

Baki ya motsa. Murya ta biyo baya.

"Gidan da ya shiga, shi ne maigida."

"Fawata ƙarama ce."

"Ba ya cin wuta. Yana da abincinsa."

Ko yaron da ya yi sati a layin nan ya san babu katin da ba ya ci. Haladu ma ya sani. Amma ya ɗaga kai ya hango ƙofar Nafi'u da bencin nan. Ya tambayi abin da zai bayar. Mutumin ya ce kyauta ce, shi dai ya riƙa kallo. Haladu ya sunkuya ya sa katin, bai ko yi bisimilla ba. Da ya ɗago, babu kowa. A ƙasa babu sawun taya.

Ya kunna.

Wayyo, hoto! Ana ganin zaren da ke cikin gyalen amarya. Ana ganin zanen lalle har ƙarƙashin farce. Ja ya yi ja, kore ya yi shar kamar gonar damina. Labari ya zaga. Ƙawayen amare suka ɗauke ƙafa daga can suka dawo nan. Haladu ya sayi benci wanda ya fi na Nafi'u tsawo. Kullum sai ya leƙa ya ga ƙanensa zaune shi kaɗai, ya ji wani sanyi a ransa.

Amma akwai ƙananan abubuwa.

Idan aka ɗauke wuta, fitilar shago ta mutu, allon bai mutu ba. Akwatin ba ya ɗumi ko kaɗan. Ƙadangaru da ke shiga shagon suka daina. Wata rana wata uwar amarya ta nuna wasu mutane a gefen hoto, tsaye a bayan makaɗa, ta ce ita ba ta gayyace su ba, ba ta ma gan su a wurin ba.

A gida kuma Haladu ya yi wa matarsa faɗa, wai miyarta ba manja. Ta kalli miyar, ja zur, ta kalle shi. Bayan kwana kaɗan ya tambaye ta dalilin da ya sa take ɗaura zane mai ruwan toka kullum. Ta ce atamfar salla ce, shi ya saya da hannunsa, shuɗi da ruwan ɗorawa. Tumatir a kasuwa ya koma toka. Sama ta koma toka. A allo kaɗai duniya take da launi, shi ya sa ya ƙara manne wa allon.

Nafi'u ya tsallako ya ce idon Yaya ya yi wani iri, ko za su je asibiti. Ya kuma tambayi wace fawa ce ke ɗaukar katin nan, tunda shi bai ga an sake ta ba. Haladu ya ce masa hassada ga mai rabo taki ce. Nafi'u ya koma shagonsa.

Sai wata Juma'ar ta zo. Da hantsi Haladu ya leƙa don ya ga fuskar Nafi'u, kamar yadda ya saba. Bai gan ta ba. Hazo kawai. Abin da ya ba shi haushi ba hazon ba ne. Haushinsa shi ne ba zai ga baƙin cikin ƙanensa ba. Ya ɗauko kyamara, ya haɗa ta da kwamfuta, ya saita ta ta taga.

Nafi'u ya fito a allo tar. Yana kallon shagon Haladu. Babu baƙin ciki a fuskarsa. Irin kallon da ake yi wa mara lafiya ne.

Kyamarar ta zame daga hannun Haladu ta juyo cikin shago. Ya ga kansa a allo, idanunsa fari-fari kamar an zuba koko. Ya ga akwatin kwamfuta. Kusa da akwatin, a kan sabon bencin da aka shigo da shi saboda rana, mai baro yana zaune.

Idanun mai baron sun yi baƙi. A farin na hagu akwai ɗan ɗigon tawadar Allah. Haladu ya san ɗigon nan. Da shi aka haife shi.

Ya waiwaya. Benci ba kowa. Ya dubi allo. Mutumin ya matso.

Ya finciko waya daga bango. Allon bai ko ƙifta ba. Ya lalubi sukundireba, bai ga kan kusoshin ba. A waje ladan ya ɗaga murya. Ya ji ana jan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya ji takalma suna nisa. Idan layin nan ya watse, daga shi sai baƙonsa. Sunan da zai kira yana bakinsa, ya yi masa nauyi kamar dutsen niƙa.

"Nafi'u," ya ce. Sannan da ƙarfi, "Nafi'u, zo ka buɗe mini akwatin nan."

Ashe Nafi'u bai tafi ba, yana tsaye yana jiransa. Ya shigo da sallama. Ya kwance murfin, ya kama katin, ya saki da sauri, yatsunsa sun ƙage don sanyi. Katin ya ƙi motsi.

"Yaya, maigida ya san wannan?"

"Ban bari ya tambaya ba."

"To bari mu tashe shi."

Ya yi bisimilla, ya ɓanɓaro ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke jikin bod. Idan aka cire shi, bayos yakan manta duk abin da aka ɗora masa, ya koma yadda aka haife shi. Ya ɗan jira. Ya mayar, ya sa waya, ya danna.

Tsohon akwati ya yi ƙara, doguwa da gajejjeru, irin wadda yake yi idan ya ga ƙarfen da bai sani ba. Allo ya mutu. Katin ya faɗo da kansa. A waje suka ji kukan tayar baro tana nisa, sai can daga baya wata murya ta iso, ba su gane abin da ta ce ba.

Nafi'u ya ɗauki katin da filaya ya jefa a juji, ya riƙe hannun yayansa har masallaci. Washegari aka duba, katin ba ya nan.

Idon dama ya dawo a hankali. Na hagu bai dawo da launi ba, ɗigon nan ma ya ɓace. Da Haladu ya ji sauƙi, Nafi'u ya sake masa fawa, ya kai bod wurin sola aka sabunta bayos, ya sa masa kati daidai ƙarfinsa. Hoto ya fito. Haladu ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya, a hankali, ko har yanzu kwamfutar Nafi'u ta fi.

"Ta fi kaɗan, Yaya," in ji Nafi'u. "Rufe na hagun ka duba."

Haladu ya rufe, ya duba, ya ce lallai ta fi. Sai ya ce a ɗauki dogon bencin a kai ƙofar Nafi'u, shi ba ya son ganinsa.

Don haka ku ji. Kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a layin kasuwa ranar Juma'a da tsakar rana. In kuwa mai baro ya tsaya muku, ku kalli bakinsa kafin ku saurari maganarsa, domin idonsa na hagu yanzu lafiya lau yake, na dama yake nema.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don gizo ba da na yi ƙarya. A ƙara fitilar, kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta.