Mushen Akuya a Tsagin Dutse

Ranar da Zulaiha ta fara ganin Safiyanu, sai da ta toshe hanci.

Ta kai wa babanta Malam Buba fura ne a mashayar shanu, can gindin duwatsun bayan Zandam, inda ruwa ke tsatsowa daga tsagin dutse, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Nan ta tarar da wani saurayi ya shimfiɗa katifa a ƙasa, ya shafe hannu da alli, ya manne a jikin dutse kamar ƙadangare. Da ya diro ya cire matsattsen takalminsa, wari ya daki fuskarta.

"Malam, wannan takalmi ne ko mushe?"

Ya yi dariya. "Na hawa ne, ranki ya daɗe. Duk Asabar nake zuwa daga Birnin Kudu."

"Me ka ajiye a saman?"

"Ba komai. Hawan ne kawai."

Ta dubi yatsunsa duk sun ɗaye, ta yamutsa fuska. Amma fa ta ba shi lambar waya, kada ku tambaye ni dalili.

Washegari saƙo ya shigo: "Zulai tawa, na wanke takalmin sau uku."

Ta mayar: "Ƙona shi za ka yi, Ƙadangarena."

Da maganar aure ta taso, Malam Buba kuwa ya ce atafau. "Ƙato da gemu, ba zuma yake cira ba, sai hawa da faɗowa kan katifa? Tir! Ba zan ba shi 'yata ba." Shi Barau yake so, mai shagon turare a Gwaram. Zulaiha ta sha kuka.

Ana nan wata akuya ta faɗa tsagin da ruwan ke fitowa, can sama, ta mutu. Kwana huɗu ruwa ya yi ɗoyi, shanu suka ƙi sha. Barau ya zo jaje, ya sheƙi iskar wurin, ya kwara amai, ya hau babur ya gudu.

Zulaiha ta rubuta wa Safiyanu: "Ka zo da katifarka."

Sau biyu Safiyanu yana faɗowa. A na uku ya kai, ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo mushen, tsutsotsi na zubo masa a wuya. Zulaiha ba ta kau da kai ba. Ita ta miƙa masa bokiti da sabulu, daga nesa.

Malam Buba ya daɗe yana kallonsa, hannu a hanci.

"Yaro, turo magabatanka. Amma don Allah ka yi wanka tukuna."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Sharaɗi ɗaya amarya ta kafa, har yau kuma ba ta janye ba: takalmin nan a waje yake kwana.