Zaren Mayafin Bashira

Gab da magariba Saudatu ta koma shagon ɗinkin mata da take aiki a unguwar Safa, can ƙasar Larabawa. Ta ce wa mai gadi ta manta dutsen guga a kunne. Ƙarya take yi.

A shekarar 1998 duk ma'aikatan shagon sun san ta da duba da karta, abin da wata maƙwabciyarta 'yar Masar ta koya mata. Lokacin shayi takan baza wa wadda ta roƙa, a ɓoye, don in kafili, ubangidan da ya tsaya musu a ƙasar, ya ji, sai dai jirgin gida. Mace ɗaya ce ba ta taɓa yarda ba: Bashira, Bahaushiyar Sudan mai yi wa riguna ado.

"'Yar'uwa, bar ni a rufe," ta ce mata har sau biyu. "Halas, shi ke nan."

Dela mai yankan yadi ce ta zuga Saudatu. "Wallahi akwai abin da take ɓoyewa. Duba mana ita, ina za ta sani?" Har zare ta tsinko mata daga mayafin Bashira.

Shagon tsit, sai ƙamshin sitaci da man keke. Abayoyi na rataye a jere jikin bango. Saudatu ta ɗora zaren kan teburin guga, ta ambaci sunan Bashira, ta juya kartar farko.

Baƙin sarki.

Ta juya ta biyu. Shi ne dai. Ta uku ma shi.

Na'urar sanyi ta ɗauke. Wani wari ya taso, irin na lakar bakin kogi, a garin da ya shekara bai ga ruwa ba.

Ɗis. Ɗis.

Abayar ƙarshe ce ke ɗigar ruwa. Kafaɗunta sun cika. Tana numfashi.

"Shekara sha ɗaya ina nema," in ji wata murya ta namiji, ƙasa-ƙasa. "Ina take kwana?"

Saudatu ta toshe bakinta da hannu biyu. Wasu yatsu masu sanyi suka ɓamɓare nata ɗaya bayan ɗaya.

"Unguwar Bani Malik," ta ji bakinta ya faɗa. "Bayan gidan burodi."

Hannun rigar ya nannaɗe mata wuya. Idonta ya fara rufewa.

Sai ladan ya ɗaga murya.

Abayar ta zube ƙasa, jiƙe sharkaf. Saudatu ta fita da rarrafe.

Da safe Bashira ta zo, idanunta jajir. Ba ta zauna ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Daga bakin kogin Nilu na gudo wa aljanin nan. Malamai bakwai suka ɓatar masa da sawuna. Na roƙe ki, Saudatu. Me na yi miki?"

"Ki yafe ni, ban san..."

"'Ya'yana uku ne a ɗakin da nake kwana."

Ta ɗauki almakashinta ta tafi.

Saudatu ta ƙone kartar a ranar. Dela ta rantse ba ta san zancen ba. Bayan mako guda mijin Bashira, Abdulghani, ya zo karɓar sauran kayanta. Ya ce tana nan da rai, tana ci tana sha. Sai dai ta daina gane yaran, kuma in ƙaramar ta kira ta Umma, muryar namiji ce ke amsawa daga bakinta.