Mai Kai Baba Rijiya

Shekara shida bayan samun 'yancin kai, ran kasuwar Ollelewa, Mamman ya tsinci wani tsoho yana tafe shi kaɗai cikin rairayi, guga a kafaɗa, yana kiran shanun da aka daɗe da sayarwa. Ya ɗora shi a jaki ya mai da shi gida. Wadda ta fito da gudu ta tarbe shi ita ce Raishatu, autar tsohon. Ta ɗago ido ta yi godiya, Mamman kuwa har ya manta gishirin da ya fito saye.

Gigin tsufa ne ya kama tsohon, Malam Audi. Ran da Mamman ya fara zuwa zance, tsohon ya dube shi ya ce, "Na ba ka ita." Mamman ya koma gida bakinsa ya ƙi rufuwa. Ran Alhamis kuma ya ji da kunnensa tsohon ya faɗa wa wani haka.

Wanin nan shi ne Attahir, lokotoro mai jinya daga Tanut, wanda ke zagayen ƙauyuka a kan doki. Shi ya hana a riƙa ɗaure tsohon da igiya, ya ce ciwo ne, ba iska ba. Ya koya wa Raishatu ta riƙa ba shi fura a tsohuwar ƙwaryarsa, ta daina yi masa musu in ya nemi shanunsa. Ga farar riga, ga agogo, ga Faransanci. Kishi ya hana Mamman cin tuwo.

"Raisha, me kuke cewa haka har la'asar?"

"Zancen Baba muke, sanyin idona."

"Baba ne yake sa ki dariya?"

Ta rufe baki da mayafi, abin da ya ƙara tunzura shi. Sai kuma mahaifiyarta, Inna Asibi, ta ɗora masa nata.

"Ɗan nan, ka yi haƙuri. In ka ɗauke ta, wa zai riƙe min Malam? Gara lokotoro, shi ya san ciwon."

Mamman ya yi fushi, mako biyu bai leƙa ba. Sai ga wasiƙa:

"Mamman nawa, Baba ya sake ɓata, sai a hanyar Falanko aka same shi. Lokotoro ya ce a samu namiji ɗaya, fuska ɗaya, mai kai shi rijiya kullum da hantsi ya ja guga ko uku, sai hankalinsa ya kwanta. Ni kai nake so. Taka, Raisha."

Raishatu ba ta yi lakwal ba balle ta iya rubutu, takardar kuma ta likita ce. Wato hannun Attahir ne ya rubuta "Mamman nawa"! Mamman ya ninke ta da ƙarfi, ya rantse ba zai bar wa mai agogo wannan aikin ba.

Wata biyar yana kai tsohon rijiya, da farko don haushi, daga baya don in ya makara sai ya tarar Malam Audi a ƙofa yana jira da gugansa. Tsohon ya daina ɓata. Inna Asibi ta fara aje wa Mamman fura.

Rannan Attahir ya tare shi a bakin rijiya yana dariya.

"Malam Mamman, ka daina harara ta. Gida huɗu ke nan tsofaffi suna ba ni 'ya'yansu, matata Fadimata kuwa tana Tanut da 'ya'yanmu uku."

Mamman ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ya gina ɗaki jikin dangar surukansa, don kada Raishatu ta yi nisa. Ran ɗaurin aure, ƙanen Malam Audi ya durƙusa ya tambaye shi wa ya ba 'yar. Mamman ya saci kallon Attahir, wanda ke zaune kusa, cikin farar rigarsa.

Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan, sannan ya kama hannun rigar Mamman.

"Sunansa ya ɓace min. Wannan dai, mai kai ni rijiya."

Liman ya ɗaga hannu. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙan iyaye, aka shafa, Attahir ya fi kowa ɗaga murya da amin.