Ka Cuce Ni, Gali

A Ƙofar Dawanau Zinariya ta fara ganinsa, ranar da ruwan sama ya cika hanya. Tana sauri ta kai ɗinki, sai ga wani saurayi ya naɗe wando yana jera duwatsu cikin taɓo don mutane su taka.

"Malama, dakata Baba ya wuce," ya ce, yana riƙe da hannun wani tsoho.

"Kai aka ba kwangilar titin?"

"A'a. Gali sunana, waya nake gyarawa."

Ta ja tsaki. Amma da ya karɓi ƙunshin kayanta ya tsallakar mata, sai da ta saci kallonsa.

Kafin damina ta wuce yana ce mata Zinariyata, ita kuma tana kiransa Sarkin Shisshigi. Sonsa take, ba ta musu. Sai dai bai taɓa zuwa zance a kan lokaci ba. Ta ci kwalliya ta zauna a zaure har hoda ta narke, sannan saƙo ya shigo:

"Zinariyata, ina hanya. Akuyar wata tsohuwa ce ta tsinke a Goron Dutse."

Ta mayar masa: "Sai ka kai wa akuyar sadaki."

Ranar da mahaifinta, Malam Lawal, ya ce yana son ganinsa bayan la'asar, sai dab da magariba ya iso, farar shaddarsa duk taɓo. Wai Adaidaita Sahu ya taya turawa daga kwata.

"Wanda ya shanya surukinsa, matarsa zai saurara wa?" in ji Malam Lawal. "Ga Ashafa, ɗan aminina. Yaro mai mota, mai cika alƙawari."

Ta so ta kare Gali, sai ƙawarta ta zo da labarin ta gan shi ya goyo wata mace a babur. Ba ta nemi ba'asi ba, ta toshe lambarsa.

Ashafa kuwa bai taɓa makara ba. Wata Asabar ya ɗauko ta da ƙanwarta zuwa biki. A kusa da Dala, tiren wata dattijuwa ya kife, gurasa ta watse a titi. Ya danna hon ya kewaye.

"Tsaya!" Ita kanta ba ta san ta faɗa ba.

"Haba Zinariya, za mu makara."

Ta fita. Ta durƙusa da sabon leshinta tana tsintar gurasa. Wata ɗaliba ta sa hannu, wani mai lemo ma ya taso. Dattijuwar sai shi musu albarka take. Da Zinariya ta ɗago, Ashafa na duba agogo, fuska a murtuke.

Ta koma gida tana huci, ta buɗe lambar Gali, ta kira shi.

"Ka cuce ni, Gali. Ka shafa min ciwonka. Wace ce a babur ɗinka?"

"Matar maƙwabcina ce, naƙuda ta kama ta mijin ba ya nan. An samu mace. Na yi kewarki, Zinariyata."

Ta kifa kai a gwiwa, dariya da kuka suka haɗe mata.

Ta bi ta hannun mahaifiyarta, aka roƙi Malam Lawal ya yi bincike a kan Gali kawai. Ya fita da hantsi, bai dawo ba sai azahar, yana sharce gumi.

"Wannan wane irin yaro ne? Kowa na tambaya sai ya zaunar da ni ya ba ni labarin alherinsa. Har liman! Ku ce ya turo magabatansa, na gaji."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, lungunsu ya cika ya tumbatsa. Da za a kai amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Ke kuma Allah Ya ƙara miki haƙuri."

"Amin, Baba," ta ce cikin mayafi, tana murmushi. "Wannan ta ƙarshen, a riƙa maimaita min ita."